Ranar da Ɗanbaba Ya Gyara Bahaguwa

A Dogon Dutsi Allah ya ba mu duwatsu, gwamnati ta ba mu kwalta, sannan aka haɗa mana da Ɗanbaba, wanda har yau ba mu san laifin da muka yi ba. Shi ne mutumin da ya tafi Yamai cire haƙori, ruwan sama ya tsare shi a rumfar wani mai gyaran salula, ya dawo gida da sunan Enjeniyer. Tun daga ranar ba a raba shi da wata jakar fata mai ɗauke da turnebis na kwance kusoshi da filaya da tabarau mai ido ɗaya. Ya gyara fankar liman, ta koma hura wa bango iska. Ya gyara rediyon kawunsa, ta bar kama kowace tasha sai ƙugi. Duk wanda ya kawo ƙorafi, amsar ɗaya ce: kayan ne na jabu.

Ni sunana Aminu, ni ke dafa shayi a fadarmu. Fada a wajenmu ba gidan sarki ba ce, majalisar samari ce, inda ake zama da yamma a sha shayi a gyara duniya da baki. Tamu tana rumfar Rabilu, bayan tasha. Rabilu ɗan kasuwa ne mai ɗangalallen wando da gemu a gyare, kuma shi ke da tele, wato talabijin, da batirin sola da na'urar wasan ƙwallo. Yana da manet huɗu, wato abin da ake riƙewa a hannu a tuƙa ƴan wasa, mai ƴan sanduna biyu da ake murzawa da babban yatsa.

Su huɗun nan ciwonsu ɗaya. Sandunan sun cinye saboda tsufa, ko ka sake su gaba ɗaya, ɗan wasanka sai ya kama hanyar hagu shi kaɗai, kamar jakin da ya san gida. Hasiya mai ƙosai, wadda murhunta ke jikin rumfar, ta ce ai iska ce ta shige su, a kira masu goge. Rabilu ya ce kar ta kawo masa shirka bakin sana'a. Mu dai mun saba. Kowa ya koyi ɗan danne yatsa zuwa dama, in yana so ɗan wasansa ya tsaya wuri ɗaya.

Babu wanda ya kai Abdulwahid iya wannan. Shi ne zakaranmu, kuma manet ɗin da ta fi kowace karkata ita ce tasa, har ya raɗa mata suna Bahaguwa. Yaron nan ba shi da yawan magana. In ya riƙe Bahaguwa sai ka rantse tare aka haife su, babban yatsansa ma har ya ɗan lanƙwashe ta dama.

Abin da muke karewa kuwa butar shayi ce, shuɗiya, mai ɗan tabo a murfi. Marigayi Maikano, mahaifin Abdulwahid, direban babbar mota, shi ya zo da ita daga Agadas, kuma a cikinta ya sha shayi har ya bar duniya. Shekarun baya, cikin zafin ƙuruciya, Abdulwahid ya ɗora ta a kan benci a gaban samarin Kiyeshe, garin da ke maƙwabtaka da mu, ya ce ga kofi, duk kaka bayan an kai hatsi rumbu a kara, fadar da ta ci ita ke riƙe buta. Ya yi nadamar maganar tun kafin yawunsa ya bushe, amma magana zarar bunu ce. Sa'ar da muka yi, buta ba ta taɓa kwana a waje ba. Duk shekara ƴan Kiyeshe su zo rumfarmu, a miƙa musu manet ɗinmu, su sha kashi su koma. Mu kuwa sai mu ce baiwa ce, ƴan Dutsi da ƙwallo a jininsu take.

To, ana saura ƴan kwanaki karawar bana, sai ga Ishaku, zakaran Kiyeshe, ya tsaya da babur sayen ƙosai. Dogo ne mai fara'ar rainin wayo. Ya leƙa rumfa, ya ɗauki manet ɗaya da yatsu biyu kamar ya tsinci mushen ɓera.

“Ku dai ku gode ma guragun ga naku,” in ji shi. “Ba ku ka cin mu ba, su ka cin mu.”

Rabilu ya miƙe. “Mi kake nuhi?”

“Abin da kaj ji. Ran da kunka samu manet mai lahiya, ran nan buta za ta ga Kiyeshe.”

Ya hau babur ya bar mu da hayaƙi. Maganar ta yi mana ciwo, kuma ba don ƙarya ce ba, ko da yake a lokacin ba wanda zai yarda da haka. Ana cikin wannan zafin ne Ɗanbaba, wanda ke zaune yana jiran kofi na uku na shayin da bai taɓa sa wa ko ƙwayar sukari ba, ya gyara zaman tabarau.

“Bon,” ya ce. “Ku ba ni su. Duka huɗun. Sanduna na sunka mutu, sai a canza. Aikin yara na wanga. A Yamai da ido ruhe nike yin shi.”

Hasiya ta juyo da matsami a hannu. Taubashiyarsa ce, ɗiyar gwaggonsa, don haka tana da lasisin faɗa masa abin da mu muke haɗiyewa.

“Da ido ruhe kag gyara hwankar liman ma?”

“Ke ki tsaya ga wake. Wanga ilimi na.”

“Ilimin da anka samu ana jiran ruwa shi ɗauke.”

“Hasiya, in nig gama aikin ga, daga Tibiri har Dogon Kiriya za a riƙa yo mani layi. Har ke za ki ce ɗan kawunki na.”

“In ce ban san ka ba dai.”

Rabilu mutum ne mai lissafi, amma da ya ji kalmar kyauta sai lissafin ya tafi hutu. Ya ce a gwada da ɗaya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma mu muka tafa wa Enjeniyer har da ƙarin shayi.

Sabbin sandunan sai an aiko daga Yamai, Ɗanbaba kuwa ba ya iya zama hannu sake. Ya ce kafin su iso bari ya duba ta farko, wataƙila ma bushewa ce kawai, kamar sarƙar babur. Ya karɓo baƙin mai wajen bakanike, ya ɗura mata ta gindin sanduna har ta yi gyatsa. Rabilu ya ɗauka zai gwada, ta suɓuce daga hannunsa ta faɗa kan farin wandonsa.

“Normal,” in ji Ɗanbaba. “Man ya yi yawa kaɗan. Wanki za a yi mata.”

Ya wanke ta da garin sabulu a bahon Hasiya, ya ɗauraye, ya shanya a kan kwanon rumfa, ya tafi cin tuwo. Ranar Dutsi ba ta san wasa ba. Da la'asar da aka sauko da ita ta lanƙwashe, maɓallan sun manne da juna, sandunan sun kwanta kamar an yi musu rasuwa.

“To, ga ta nan,” Hasiya ta ce. “Ta bar zuwa hagu.”

“Kin gani ko?”

“Ta bar zuwa ko'ina.”

Ɗanbaba ya juya ta sama da ƙasa, ya taɓe baki, ya ce robar jabu ce, ta asali ba ta jin rana. Rabilu ya yi ta maimaita innalillahi. Abdulwahid dai ya ɗauki Bahaguwa ya sa a aljihun riga. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai ga sanduna sun iso a motar haya, cikin ƴar leda, an ɗaure da zare. Ɗanbaba ya zagaya tasha da su yana nuna wa ƴan kabu-kabu kamar an haifa masa tagwaye. Ya shimfiɗa buhu a bakin rumfa, ya ce kowa ya ja baya, tiyata za a yi. Ya kwance ta biyu. Ƙananan kusoshin da ya cire, waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, ya rasa inda zai zuba su a duk faɗin Arewa sai kan faifan Hasiya.

Hasiya tana da kaza, wake-wake, mai kwanci a bayan murhu. Kazar ta zo ta ga abu ƙanana a kan faifai, wurin da ta saba samun rabonta. Ba ta yi shawara da kowa ba.

“Kaza! Ku kama kaza! Ta ci piyes, ta haɗiye kusoshi!” Ɗanbaba ya ƙwala ihu.

Enjeniyer ya bi ta da gudu, tabarau na lilo a kunne ɗaya. Ta shige ƙarƙashin motar Dogon Kiriya da ake lodi, ya bi ta da rarrafe. Ta ɓullo ta tsakanin buhunan albasa, ya ɓullo da ɓawon albasa a ka. Ƴan tasha suka bar lodi suka koma kallo, wasu na goyon bayan kaza. Da ya kamo ta, yana haki, sai ya ce a ba shi wuƙa.

“Wuƙar mi?” Hasiya ta tare shi.

“Kusoshin na cikin ƙundunta. A yanka a hiddo.”

“Ka yanka kazata, in soya ka cikin man ga. Wallahi ko gishiri ba ni sa maka.”

“To ya za a yi?”

“Ka bi ta. Abin da yas shiga za ya hito.”

Haka kuwa aka yi. Babban injiniyan Arewa ya wuni yana bin kaza da tsinke, duk inda ta tsuguna yana nan. Mutane har daga kasuwa suke zuwa yi masa sannu da aiki. Da ya gaji ya ce kusoshi ma tsohon yayi ne, a Turai da roba ake ɗaurewa yanzu.

Saura cire tsohuwar sanda, wadda ke liƙe da dalma a jikin wani koren faranti na cikin manet. Rabilu ya tambaye shi ina ƙarfen liƙinsa. Ɗanbaba ya yi dariyar manya, ya zaro ƙusa mai tsawon yatsa, ya cusa a garwashin shayina. Na ce masa wutar nan ta shayi ce. Ya ce wuta ba ta da ƙabila. Da ƙusar ta yi ja ya kama ta da filaya, ya ce bismillahi, ya dangwala. Wani wari ya tashi wanda ya kori har ƙudaje. Ya ɗaga farantin sama, sai ga idonsa muna gani ta cikin rami.

“Wagga taga ce?” in ji Hasiya.

“Don iska shi riƙa shiga. Zahi ka kashe su.”

Rabilu ya ce ya isa. Ya ce ko uwarsa ce ta aiko Ɗanbaba, ba zai ƙara taɓa masa kaya ba. Amma Ɗanbaba yana da baki, ba a raba shi da wannan. Ya ce yanzu ne hannunsa ya faɗa, biyun farko sadaka ce ta buɗe aiki, kuma in aka tsaya nan asarar ta zama ta banza. Ya ce ya samo aron ƙarfen liƙi na gaske, mai aiki da batir. Ya ce a tuna da bakin Ishaku. Wannan ta ƙarshen ita ta karya Rabilu, ya miƙa ta uku yana kau da kai.

Abin mamaki, ta uku ta rufu, har da kusoshinta. Aka kunna tele, fada ta cika. Rabilu ya riƙe manet, bai ma taɓa sanda ba, sai ɗan wasa ya fara juyi a tsakiyar fili. Yana juyawa, yana juyawa, ƙwallo ta wuce shi bai kula ba, abokan wasa na gudu shi yana nan yana katantanwa.

Hasiya ta ajiye matsami ta rangaɗa guɗa. “Ba na hwaɗa muku ba? Doguwa ta hau shi! A kawo goge!”

“Hasiya, ki ji tsoron Allah,” in ji Rabilu, amma muryarsa ba ƙarfi.

“Wanga sabon salo na,” Ɗanbaba ya ce. “Dribul. Turawa na biyan kuɗɗi su samu wanga.”

Bai rufe baki ba manet ta yi zafi a hannun Rabilu, wani siririn hayaƙi ya fito ta gefe. Ɗan wasan ya tsaya cak. Ita ma ta tsaya, har abada.

Garin neman gira mun rasa ido uku. Da manet ɗaya ba a karawa, dole Rabilu ya kira Ishaku a waya, ya ce in za su zo su taho da tasu. Muna jin dariyar Ishaku daga inda muke zaune, ko lasifika ba a buɗe ba. A nan ne na kalli shuɗiyar buta a kan garwashi na ji kamar in ɓoye ta a rumbu.

Abdulwahid ne ya kwantar mana da hankali. “Ku bar shi shi zo da wadda yaka so,” ya ce. “In dai ina da Bahaguwa, buta ba ta zuwa ko'ina.” Sannan ya juya ga Ɗanbaba, a natse. “Kai kuma, ko inuwarta kat taka, ni da kai.”

Ɗanbaba ya dafa ƙirji. “Ni? Mi za ni yi da ita?”

Ranar karawa ta zo, Juma'a, kasuwa na ci. Abdulwahid ya sa Bahaguwa a caji cikin akwatin Rabilu, aka rufe rumfa da asabari, kowa ya tafi masallaci. Kowa ban da mutum ɗaya, wanda garin nan kaf ke kira Mijin Kaza tun ranar tsinke, kuma yana da ragowar sanduna biyu a jaka da suna da yake son wankewa. An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗanbaba bai taɓa jin an ce ba.

Abin da ya faru a cikin rumfar nan, Allah kaɗai ya sani. Ko hannunsa ne ya yi kuskure ya bi daidai, ko Hasiya ce ke da gaskiya game da iskoki, ni dai ban sani ba. Ya cire tsofaffin sanduna, ya liƙa sababbi, ya mayar da tsofaffin huluna a kansu yadda ba mai ganewa, ya rufe, ya mayar cikin akwati. Har ya samu raka'a ta biyu.

Bayan la'asar ƴan Kiyeshe suka iso a kan babura, suna ta hon. Rumfa ta cika ta batse, ƴan kabu-kabu sun yi sahu a waje, masu tallan rake da gyaɗa sun samu kasuwa. Na wanke buta na ɗora a kan benci a tsakiya, kamar yadda aka saba. Ishaku ya zaro manet ɗinsa daga cikin tsumma, sabuwa fil. Abdulwahid ya ɗauko Bahaguwa, ya shafa ta da gefen riga, ya zauna.

Aka take wasa. A zagayen farko ragar Abdulwahid tana hannun dama na tele. Ɗan bayansa ya karɓi ƙwallo, Abdulwahid ya ɗan danne yatsa dama don ya tsayar da shi, yadda ya saba tun yana yaro. Maimakon ya tsaya, sai bawan Allah ya juya ya nufi gida. Ya wuce mai tsaron ragarsa, ya shiga da ƙwallo har cikin zare.

Muka saki baki. Ƴan Kiyeshe ma sai da suka kalli juna kafin su tuna ana ihu.

“Mun gode da karamci,” in ji Ishaku. “Haka ake tarbar baƙi.”

Abdulwahid ya kalli hannunsa. Aka ci gaba. Duk lokacin da ya so ɗan wasa ya tsaya, sai ya ja da baya. Ƴan gabansa suna zuwa bakin ragar Ishaku sai su tuna sun bar wani abu a gida. Kafin a je hutu an zura masa uku, biyu daga ciki da taimakonsa. Gumi ya jiƙa masa riga. Da aka busa hutu ya ajiye manet a kan gwiwa, ya ɗauke hannu gaba ɗaya, yana kallon tele. Alamar da ke kan allo ta tsaya cak, ba hagu ba dama.

“Ba ta ja,” ya ce a hankali. “Bahaguwa ba ta ja.”

Mai hankali da ya ji haka sai ya sulale ya nemi motar Dogon Kiriya. Ɗanbaba benci ya hau.

“Jama'a!” ya ɗaga hannu biyu. “Kun ji da kunnenku! Ba ta ja! Wa yag gyara ta? Ni! Ni Enjeniyer Ɗanbaba, da hannun ga! Ina masu cewa Mijin Kaza? Hasiya, ina bakinki? Ishaku, kai kac ce guragu, to ga mai lahiya, sai ka sake wata magana!”

Ishaku ya miƙe, ya kama hannun Ɗanbaba da hannu biyu yana girgizawa. “Allah shi yi maka albarka, Enjeniyer. Kiyeshe ba ta mance alheri.”

Sai a lokacin abin ya faɗo mana duka, a gaban baƙi da ƴan tasha da masu rake. Baiwar da muke taƙama da ita shekara da shekaru, ashe a cikin lalatacciyar sanda take zaune, kuma ga wanda ya cire ta yana tsaye a kan benci yana jiran tafi.

Rabilu ya jawo shi ƙasa ta wuyan riga. “Maida ta yadda take!”

“Kamar ya?”

“Ɓata ta! Yanzu, kahin a koma!”

“Ina tsohin sandunan?” Abdulwahid ya tambaya.

“Na jehwa su masai. Mi za a yi da mushe?”

“To ɓata wagga!” muka haɗa baki.

Ɗanbaba ya ja da baya, ransa a ɓace, kamar an zagi kakansa. “Haba jama'a. Ni ban iya ɓata abu ba.”

Hasiya ta zauna daɓas a ƙasa. Dariya ta hana ta numfashi, sai nuna shi take da matsami, hawaye na zuba. Liman, mai fanka, wanda ya tsaya wucewa, ya ce la'ilaha illallahu ya yi gaba.

Muka tilasta shi. Ya murɗa sandar hagu da ƙarfi, ta dawo tsakiya. Ya ƙwanƙwasa ta a benci, ta dawo tsakiya. Ya hura mata yashi, ya danna da gwiwar hannu, ya yi mata duk abin da ya kashe ƴan'uwanta uku in ban da baƙin mai, don Rabilu ya rantse zai ɗura masa shi a baki. Bahaguwa ko gezau. Mutumin da ko tabarma ya taka sai ta yage, yau ya yi aiki mai garanti.

“Kun gani?” ya ce, har da murmushi. “Aikina ba ya tashi.”

Ishaku ya ce shi ba mugu ba ne, in ana so a yi musaya, ya ba da tasa. Ba'a ce, don tasa ma lafiyayya ce. Aka koma fili. Yanzu ragar Ishaku ce a dama, sai ƴan wasan Abdulwahid suka zama ba su da birki. Ɗan gaba ya ɗauki ƙwallo ya wuce kowa, ya wuce raga, ya fita fili yana neman hanyar Konni. Ƴan baya suka bar gida suka bi shi. Abdulwahid ya cije leɓe, yana faɗa da yatsansa, har ya samu ya rama ɗaya, muka yi ihu kamar mun ci. Amma yatsan da ya shekara goma yana koyon abu ba ya mancewa a zama ɗaya. Aka tashi, ban ma son faɗin nawa da nawa.

Ƴan Kiyeshe suka cika tasha da hon. Ni kuwa na kasa ɗaga ido. Abdulwahid ya tashi ya ɗauki butar da kansa, ya buɗe murfi ya duba ciki, ya goge ɗan tabon nan da yatsa kamar zai fita. Sannan ya miƙa wa Ishaku da hannu biyu.

“Ba a sa ta bisa wuta mai harshe,” ya ce. “Garwashi kawai. Kuma ba a wanke cikinta da sabulu, baba bai taɓa yi ba.”

Ishaku ya daina dariya. Ya cire rawaninsa ya naɗe ta, ya ce in sha Allah za a kula da ita kamar a gida. Muka tsaya muna kallon babur ɗinsa har ya sha kwana. Na ji baƙin ciki ranar nan irin wanda ban ji ba tun rasuwar Maikano, kuma ba kunya nake faɗa.

Washegari da yamma na dafa shayi a gwangwanin tumatir. Ko kumfa bai yi ba, ga ɗanɗanon miya. Muna zaune jugum, ba mai kunna tele, Abdulwahid na gefe yana kallon wurin da buta ke zama. Sai ga Ɗanbaba da jakarsa, fes da shi, ya zauna ya miƙo hannu a ba shi kofi. A ƙofar gidansu, an ce, har ya kafa allo: gyaran manet, a tambayi fadar Rabilu.

“Kai ko kunya ba ka ji?” in ji Hasiya.

“Kunyar mi? An ce in gyara, na gyara.” Ya kurɓi shayi ya yamutsa fuska. “Aminu, shayin ga ya lalace. Ina butar?”

Rabilu ya fara nannaɗe hannun riga.

Ɗanbaba bai lura ba. Ya gyara tabarau, ya matsa kusa da Abdulwahid, ya ƙura wa hannunsa ido irin kallon da ya yi wa fankar liman.

“Na yi nazari jiya,” ya ce. “Manet lahiya lau take. Yatsan ga naka na ad da matsala, ya karkace. Amma kar ka damu, ƙaramin aiki na. Ka kawo mani shi gobe da sahe.”

Abdulwahid ya dube shi, ya dubi jakar da filaya ke leƙowa daga ciki. A hankali ya sa hannun a aljihu, inda da yake ɓoye Bahaguwa, ya bar shi a can.